Shuɗiyar Roba Mai Farin Murfi

"To ni ƙusoshina fa, a aljihu zan zuba su?" in ji maigidan. Yana tsaye a ƙofar kicin da guduma a hannu, yana kallon matarsa ta ɗauke masa robar da yake ajiye ƙusa.

"Ba juye su zan yi ba. Da ƙusoshin nake son ta, yadda take ɗin nan."

"Ikon Allah. Wato manyan kamfani za su bar aikinsu su zauna kallon ƙusar kafinta."

"In sun kalla da kyau ka huta. In ba su kalla ba, daga ƙarshen wata ni da kai za mu riƙa feƙe katako."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin ya san ba wasa take yi ba. Ta danna murfin robar ya zauna daram, ta saka ta cikin babbar jakar da ke ƙasa. Shuɗiyar roba ce mai farin murfi, irin wadda kamfanin da take yi wa aiki yake zuba garin sabulun wanki a da. Ita ce ta bakwai a cikin jakar. Sauran shidan jiya da yamma ta bi maƙwabta ƙofa ƙofa ta aro su, kowa da gargaɗin da ya yi mata.

A unguwar da ma wurin aiki ba mai kiran ta da sunan yanka. Gwada ake ce mata. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana tsayuwa a bayan wani ɗan tebur a bakin babban kanti, tsakanin inda ake jera kekunan zuba kaya da layin sabulai. A kan teburin akwai ƙaramin baho da ruwa, da farin ƙyalle, da kwalbar mai da take ɗiga wa ƙyallen. Duk wadda ta zo wucewa sai ta miƙa mata ƙyallen ta ce, "Gwada ki gani, 'yar'uwa." Tun ana kwaikwayon ta har kalmar ta manne mata, yanzu har mijinta in yana son tsokana haka yake kiran ta.

Ba ta faro daga teburin ba. Ta bar makaranta ana saura shekara guda ta gama sakandare, lokacin da mahaifinta ya kwanta ciwo, ta koma tsaron shagon gwaggonta mai sayar da kayan kicin. A nan ta koyi cewa mai saye da ya ce "zan dawo" ya tafi ke nan, wanda kuma ya tsaya yana kushe kaya shi ne mai kuɗi a aljihu. Daga nan ta yi shekara biyu tana raba takardun talla a mahaɗar tituna, rana na dukanta, mutane na karɓa suna yin fifita da su. Ta yi wata shida a ɗakin buga waya na wani kamfanin inshora, tana kiran mutanen da ba su san ta ba suna kashe mata waya a kunne. Da ta samu teburin sabulu sai ta ji kamar an yi mata sarauta: ga inuwa, ga mutum a gabanta da fuska da hannuwa, tana ganin abin da idonsa ke yi kafin bakinsa ya buɗe.

Matsalar ta faro wata shida da suka wuce. Kamfani ya daina zuba sabulun a roba, ya koma wata leda mai sheƙi, mai hoton furanni. Sabulun bai canza ba, farashin ma an ɗan rage. Amma ciniki ya yi ta ja da baya kamar ruwan rijiya da rani. Ofis ya zauna ya yanke cewa tsayuwa a tebur tsohon yayi ne, za a kwashe tebura duka a ƙarshen wata, a mayar da tallan cikin waya. Su tara ne masu tebur a kantuna daban daban. Gwada ta roƙi shugaban sashen talla, wani saurayi da suke kira Mai Tabarau, ya ba ta minti biyar a taron da za a yi yau da ƙarfe goma. Ya ba ta ne don kunya, ita ma ta sani.

'Yarta ta fito daga ɗaki da takarda a hannu. Tana shekara ta biyu a kwaleji, tana karanta harkar talla da kasuwanci, shi ya sa ubanta yake kiran ta Farfesa.

"Umma, na rubuta miki yadda za ki fara. Kada ki shiga da 'wallahi mata sun ce'. Ki ce, bisa nazarin halayyar masu saye."

"Halayyar wa?"

"Masu saye. Abin da kike yi a teburin nan suna gare shi a littafi, binciken kasuwa. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, da ofis da kujera mai juyawa. Akwai masu tsara kwali, akwai masu rubuta talla, akwai masu kula da shafin kamfani a waya, akwai wakilan da ke zagaya kantuna. Hanya ce mai rassa, Umma, ke ce kika tsaya a reshe ɗaya."

"Reshen da ya biya miki kuɗin littafin da kika karanta sunansa a ciki," in ji uban daga ƙofa.

"Abba, ni da Umma nake magana."

"Yi haƙuri, Farfesa. Mu jahilai mun yi shiru."

Gwada ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu. Rubutun yarinyar mai kyau ne, kalmomin kuma manya, irin waɗanda sai mutum ya gyara tsayuwa kafin ya faɗe su. Ta sa farar rigar kamfani mai tambari a ƙirji, ta ɗauki jakar. Robobin suka yi ƙara a ciki, ƙusa da maɓalli suna gaisawa.

"Ki dawo min da ita kafin azahar," mijin ya ce. "Ina da ƙofar mutane da zan kafa." Da ta kai bakin matakala ya ƙara da murya ƙasa ƙasa, "Allah ya ba da sa'a, Maman yara."

Ofishin yana hawa na uku. Sau biyu kawai ta taɓa shigarsa, ranar da aka ɗauke ta da ranar da aka canza musu riguna. Ɗakin taron yana da dogon tebur mai santsi, da kujeru goma sha biyu, da allon bango mai haske, da na'urar sanyi da ta sa yatsunta suka ƙage. A kusurwa akwai ƙaramin kabad da butar lantarki da kofuna. Mutum shida ne a zaune. A kan gaba akwai Manaja, wata dattijuwa mai ƙaramin jiki wadda ba ta cika magana ba, tana juya biro tsakanin yatsunta.

Mai Tabarau ya fara. Yaro ne mai ladabi, shekararsa biyu da gama jami'a, in ya zo zagaye kanti har ɗan rusunawa yake yi ya ce mata "Anti, sannu da tsayuwa." Ya haska zane a allo, da'ira mai launi biyu. Ya ce an raba takardun tambaya a duk kantunan, kuma mutum tara cikin goma sun ce suna son kumfar, suna son ƙamshin, farashin ya yi musu. Tunda kaya ba su da laifi, in ji shi, to hanyar tallan ce ta tsufa.

"Anti tana da 'yar magana," ya ƙarasa, ya zauna.

Ta miƙe, ta warware takardar 'yarta. "Bisa nazarin halayyar..." Harshenta ya harɗe. Ta sake farawa, ya sake harɗewa a wuri guda. Wani mai jar riga ya duba agogonsa. Sai ta ninke takardar a hankali, ta ce a ranta, Farfesa ki yafe ni, ta sunkuya ta buɗe jaka.

Ta ɗora roba ta farko a kan tebur mai santsin nan, ta buɗe murfin.

"Wannan gishirin maƙwabciyata ne. Ta ce shekara uku yana ciki bai taɓa jiƙewa ba." Ta ɗora ta biyu. "Wannan maɓallai ne da zare, na telan da ke ƙasan benenmu. Wannan magungunan wata tsohuwa ne, ta ce in ban mayar kafin ƙarfe biyu ba jininta yana wuyana. Wannan fensir da abin gogewa na 'yan makaranta. Wannan maƙalan shanya. Wannan an huda mata gindi an shuka na'ana'a a ciki, ku yi haƙuri da ƙasar." Ta ɗora ta ƙarshe, ta yi nauyi har teburin ya amsa. "Wannan kuma ƙusoshin maigidana ne. Da ƙyar ya bari."

Wani ya yi 'yar dariya. Manaja ba ta yi ba, ta dai daina juya biron.

"Ranki ya daɗe, sabulunmu wata guda yake yi a gida ya ƙare. Robar tana shekaru. Mace in ta tsaya gaban layin sabulai, kusan duk ɗaya suke a wurinta, duk suna kumfa. Abin da ya sa take miƙa hannu ga namu shi ne ta san in ya ƙare ta samu mazubi mai murfin da ba ya sakin iska. Ledar kuma in an yanka bakinta ba ta rufuwa. Ta faɗi a banɗaki, ruwa ya shiga, garin ya dunƙule ya zama dutse. Mun cire abin da suke saye mun bar musu abin da kowa ke sayarwa."

Mai Tabarau ya gyara tabaransa. Ba da faɗa ya yi magana ba, da mamaki ne. "Amma Anti, takardun nan ke kika cike na kantinku. Da hannunki kika sa alama a gidan 'ina so'."

"Ni na sa, ɗana. Abin da suka ce min ke nan."

"To?"

"Ka tsaya a gaban mace da rigar kamfani, ka ba ta ɗan ƙunshin sabulu kyauta, sannan ka ce mata 'kina so?' Me za ta ce? Wa zai karɓi kyautarka ya kushe ka a idonka? Gaskiyar tana fitowa ne bayan taku uku. In ta juya baya ta yi taku uku, sai ta ce wa wadda suke tare, 'Ni dai robar nan nake kewa.' Shekara goma sha ɗaya ina wanke ƙyalle da hannu, kunnena yana bin bayan mutane."

"Me ya hana ki faɗa mana tun tuni?" Manaja ce ta tambaya, karo na farko da ta buɗe baki.

Gwada ta dube ta, ta dubi Mai Tabarau, ta rasa gane tambayar. "Ai na faɗa, ranki ya daɗe. Takardar gida uku gare ta, ƙamshi da kumfa da farashi, babu gidan roba. Sai na riƙa juya ta ina rubutawa a baya. Kowane mako, tun watan da aka canza. Na ɗauka ana karantawa ba a yarda ba ne."

Mai Tabarau ya cire tabaran gaba ɗaya ya riƙe a hannu.

"Injin da muke zura takardun," ya ce a hankali, "gaba kawai yake ɗauka. Shi yake ƙirga alamomin ya ba mu wannan zanen. Ba wanda yake juya su."

"Suna ina yanzu?" in ji Manaja.

"A sito. Cikin kwali."

"Je ka ɗauko."

Da kansa ya je. Ya dawo rungume da kwali, ƙirjin rigarsa ya yi datti. Aka zube takardun a tsakanin gishiri da ƙusa. Manaja ta zaro ɗaya ta juya. Ga rubutun Gwada nan da shuɗin biro, manya manyan baƙaƙe masu karkata, wani wurin ruwa ya ɗiga ya baje tawadar. Ta karanta a fili: "Wata mai goyo ta ce ledar ta zube mata a jaka." Ta juya wata. "Wata ta ce wa ƙanwarta su je su nemi tsohon kaya a ƙaramin shago, ko akwai saura mai roba." Mai jar riga ya ja wasu gabansa ya shiga juyawa shi ma. Ya ɗaga ɗaya. "Wannan cewa ta yi, 'Wani dattijo ya tambaya ko muna sayar da robar ita kaɗai.'"

Sun fi minti ashirin suna juya takarda. Ba wanda ya tuna da minti biyar ɗin da aka ba ta. Gwada tana tsaye, hannuwanta a haɗe, ba ta san ko ta zauna ba. Can Manaja ta ɗaga kai za ta yi magana, sai idonta ya tsaya a kusurwar ɗakin. Kowa ya bi inda take kallo. A kan kabad, kusa da butar lantarki, ga shuɗiyar roba mai farin murfi, an manna mata takarda an rubuta "sukari".

Manaja ce ta fara dariya, mara sauti, kafaɗunta suna rawa. "Kullum da safe hannuna yana cikinta," ta ce. "Zauna, baiwar Allah. Kin tsaya ya isa."

Ba a yanke komai da gaggawa ba. Mai jar riga, wanda ashe shi ne mai kula da masana'anta, ya ce roba ta fi leda tsada, kuma an riga an sayi injin leda, ba za a jefar da shi ba. Wata ta ce tallan waya ma ba laifi ba ne, zamani ne. Gwada ta ce ita ba ta ƙi waya ba, 'yarta ma can ta nufa, amma wayar za ta faɗi abin da aka sa mata a baki ne, sai an fara sanin me za a sa. Aka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe Manaja ta ajiye biro ta ce ga yadda za a yi. Tebura za su zauna wata uku. Za a dawo da roba a kantuna huɗu, a bar leda a sauran, a ga bambanci. Gwada kuma za ta riƙa barin teburinta kwana biyu a mako, ta zagaya wurin sauran takwas ɗin ta nuna musu yadda ake sauraro, sannan ta zauna da Mai Tabarau su sake tsara takardar tambaya.

"In abin ya yi kyau, akwai gurbin mataimaki a ɓangaren binciken kasuwa da muka daɗe ba mu cike ba," in ji Manaja. "Ban yi miki alkawari ba. Kin iya kwamfuta?"

"Ban iya ba, ranki ya daɗe. Amma ina da Farfesa a gida."

"Wa?"

"'Yata. Ubanta ne ya sa mata."

"To ki ce wa Farfesa tana da ɗaliba."

Da aka watse, Mai Tabarau ya tsaya yana taya ta rufe robobin. Ya share ƙasar na'ana'ar daga teburin da tafin hannunsa. "Anti, ki yafe ni. Wata shida kina min magana ina kallon da'ira."

"Kai ma ka koya min abu. Ni da na ga shiru sai in hau bene in tambaya, na zauna ina fushi a zuci. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma in bai gaya wa mai gyara ba, shi zai kwana a jiƙe."

"Sabuwar takardar, ya kike ganin za mu yi ta?"

"Ka bar rabin shafi fari, a gaba, inda injinka zai gani. Kuma a daina ba da kyauta kafin tambaya."

Ya ciro wayarsa ya rubuta. Ta lura cewa ya rubuta duka biyun.

Wayarta ta yi ƙara tana kan matakala. Ta ajiye jakar a hawa na biyu ta amsa kiran, mijinta ne.

"Gwada, mai ƙofa ya zo ya zauna min a kan benci yana karkaɗa ƙafa. Ƙusoshina sun gama taron?"

"Sun gama. Sun ma fi ni iya magana."

"An bar teburin?"

"Wata uku. Da wani abu a bayansa, in Allah ya yarda. Sai na zo. Ka ce wa Farfesa ban karanta takardarta ba, amma kada ta yi fushi, daga yau ita ce malamata."

"Wannan kuma kin jawo mana. Yanzu gidan ba zai ɗauke ta ba."

Ta kashe wayar tana murmushi. Ta duba agogon bangon da ke ƙasan bene, sha biyu saura kwata. Maƙwabciya za ta nemi gishirinta kafin ta sauke tukunya, tsohuwa tana jiran maganinta, sannan ƙarfe biyu teburin kanti yana jiran ta, da bahonsa da farin ƙyallensa. Ta saɓa jakar a kafaɗa, ta tura ƙofar gilas ta fita, robobin suna ƙara a bayanta har ta kai inda ake tsayar da bas.